Bayan Tiyatar Kansar Tayirod: Shawarwari 27 Don Gano Dawowarta Da Wuri

An yi aiki lafiya, ɗinki ya kame, 'yan dubiya sun fara raguwa. To, yanzu aikin mutanen gida ya fara. Tayirod ita ce 'yar tsokar nan ta gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Kansarta tana cikin masu jin magani: a ƙididdigar Amurka, kusan 98 cikin 100 na masu ita suna nan da ransu bayan shekara biyar. Ta fi kama mata, kusan ninki uku na maza.

Halinta ɗaya ne mai ban haushi, wato dawowa a ɓoye. Galibi takan yi haka a cikin shekara biyar na farko, amma akan ga wadda ta dawo bayan shekara 10 ko 20. Sauƙin da Allah Ya kawo shi ne, gwajin jini da hoton sikanin sukan tona ta tun jiki bai ji komai ba, lokacin da maganinta bai da wuya kuma bai da tsada sosai. Ga abubuwan da gida zai iya yi, mafi yawansu ba sa cin ko sisi.

Takardu tukuna

1. Ku karɓo sakamakon naman da aka cire.
Bayan tiyata ana kai abin da aka yanko ɗakin gwaji a duba shi da madubin likita, kuma sakamakon kan ɗauki makonni, lokacin an daɗe da sallamar mara lafiya. Da yawa suna ganin ciwo ya warke sai su manta da zancen. Ku koma ku karɓa, domin a nan aka rubuta irin kansar, girmanta, da ko ta taɓa kaluluwar wuya, kuma a kan wannan takarda likita zai ɗora duk abin da zai biyo baya.

2. Ku haddace sunan irin kansar.
Fafilari ta fi yawa, kusan 80 cikin 100, kuma in za ta bazu takan fara da kaluluwar wuya. Folikula, wadda aka fi gani a yankunan da suka yi fama da ƙarancin aidin, takan bi jini ta sauka a huhu ko ƙashi. Medulari tana da nata gwajin daban. Anafilastik ba kasafai ake samunta ba, amma ba ta jira. Sanin sunan shi zai nuna muku inda za ku fi sa ido.

3. Ku tambayi likita: a wane rukuni muke?
Ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2015, ta kasa masu fafilari da folikula gida uku gwargwadon haɗarin dawowar ciwon: ƙarami, matsakaici da babba. A rukunin farko yiwuwar dawowa ba ta wuce 5 cikin 100 ba, a na ƙarshe kuwa takan haura 20. Rukunin ne ke yanke yawan zuwanku asibiti, kuma yakan sauya in gwaje-gwaje suka ci gaba da fitowa da kyau.

4. Ku tabbatar: duka aka cire ko rabi?
Tayirod ɓari biyu gare ta, kuma in ƙarin ƙarami ne likita kan cire ɓari ɗaya ya bar ɗayan. Wanda aka cire masa duka, gwajin jini ne babban mai gadinsa. Wanda aka bar wa rabi, hoton sikanin ya fi yi masa amfani, domin ragowar tsokar tana ci gaba da aiki tana rikita lissafin jini. Ku rubuta amsar a shafin farko na littafinku.

5. Jaka ɗaya, littafi ɗaya.
Ku tara duk takardun asibiti a jakar leda mai zif, ku ɗauki hoton kowace da waya, ku tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye. A littafin makaranta ku ja layi huɗu: kwanan wata, sunan gwaji, sakamako, da yawan maganin da ake sha a lokacin. Fayil kan ɓata a asibiti, likita kan canza wurin aiki, amma littafinku yana hannunku.

Abin da jini ke faɗa

6. Ku riƙe haruffan nan biyu: Tg.
Tayirogulobulin, wato Tg, wani sinadari ne da babu mai yin sa a jiki sai ƙwayoyin tayirod, masu lafiya ko masu ciwo. In an cire tsokar duka, ya kamata ya faɗi ƙasa warwas har na'ura ta kasa ganinsa. In ya fara hawa, kamar ganin hayaƙi ne a gidan da aka ce an kashe wuta, akwai garwashin da ya ɓuya. A shekarun farko akan auna shi duk wata 6 zuwa 12, ko a kai a kai fiye da haka ga masu babban haɗari.

7. Kada a auna Tg shi kaɗai.
Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana da wasu sojojin garkuwar jiki da ke kama wannan sinadari, su sa na'ura ta nuna shi ƙasa alhali yana sama. Don haka ku duba takardar da likita ya ba ku, ku ga an rubuta TgAb kusa da Tg. Ga masu irin wannan jini, raguwar sojojin alama ce mai kyau, hauhawarsu kuma dalili ne na a ƙara bincike.

8. Ku manne wa ɗakin gwaji ɗaya.
Na'urori sun bambanta, jini guda zai iya ba da lamba biyu a wuri biyu. Abin da likita ke karantawa shi ne tafiyar lambobin, ko suna sauka, ko suna tsaye, ko suna hawa, kuma hakan ba zai yiwu ba in kuna yawo da jinin don neman rangwame. Lamba ɗaya da ta ɗan ɗaga kada ta hana ku barci, akan sake gwajin kafin a yanke hukunci.

9. Ku ajiye ƙwayoyin gyaran gashi da farce kafin gwaji.
Da yawansu suna ɗauke da bayotin mai yawa, wanda ke ruɗa na'urorin gwajin tayirod har ya ɓoye Tg da ke hawa. Ku daina sha aƙalla kwana biyu zuwa uku kafin a ɗebi jini. Ku kuma kai wa likita kwalaben duk abin da ake sha, har na gargajiya da na gyaran jiki, ya duba da idonsa.

10. In medulari ce, gwajinku daban ne, kuma ya shafi dangi.
Ita wannan ana bibiyarta da kalsitonin da CEA, ana farawa wata biyu zuwa uku bayan tiyata, kuma likita yana lura da tsawon lokacin da lambar ke ɗauka kafin ta ninka. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu ita gado suka yi ta hanyar wata ƙwayar halitta da ake kira RET. Ku tambaya ko ya kamata a duba 'ya'ya da 'yan'uwa na jini, domin a nan ana iya riga ciwon isowa.

Hoto da maganin aidin

11. Sikanin wuya tsakanin wata 6 zuwa 12.
Mafi yawan dawowar wannan ciwo a wuya take faruwa, ko a gurbin da aka cire tsokar ko a kaluluwa, kuma sikanin yana hango ƙullin da yatsa ba zai taɓa ji ba. Irin na'urar da ake duba masu juna biyu ce, ba zafi, ba allura, ba illa. Ku sa ranar a waya tun yau, ku kuma tambayi likita sau nawa za a riƙa maimaitawa.

12. Ku zaɓi mai sikanin da ya saba da wuya.
Duba kaluluwa sana'a ce ta daban, don haka ku nemi sashen hoto na asibitin koyarwa ko wurin da likitan tiyatarku ya amince da shi. Ku je da sakamakon baya, ku gaya wa mai dubawa cewa an yi aikin kansar tayirod, ya bi wuyan gefe da gefe. Rahoto mai kyau yana faɗin girman ƙulli da milimita da kuma daidai inda yake.

13. Kada ku gudu in an ce za a tsotso da allura.
Maganar nan da ake yi cewa daji ba ya son allura ta jawo wa mutane da yawa jinkiri. In kaluluwa ta yi kama da abin zargi kuma ta kai kamar milimita 8 zuwa 10, likita kan sa siririyar allura ya ɗebo 'yan ƙwayoyi a duba, aikin 'yan mintuna. Sau da yawa ma sakamakon kan nuna kumburin mura ne kawai, hankalin kowa ya kwanta.

14. In an rubuta muku aidin na nukiliya, ku shirya masa da kyau.
Ƙwayoyin tayirod suna zuƙar aidin duk inda suka ɓuya, shi ya sa tun shekarun 1940 ake ba da I-131 ya ƙone ragowarsu, hoton da ake ɗauka bayan 'yan kwanaki kuma ya nuna ko sun kai huhu ko ƙashi. Mako ɗaya zuwa biyu kafin a sha, mara lafiya zai ƙaurace wa gishiri mai aidin, dunƙulen ɗanɗano, kifin teku, madara, nono da gwaiduwar ƙwai, don ƙwayoyin su ji yunwar aidin. Wannan takunkumi nasa ne shi kaɗai kuma na ɗan lokaci, sauran gida su ci gaba da gishirinsu mai aidin.

15. Ku yi waya kafin ku kama hanya.
Ba kowane asibiti ke ba da wannan magani ba. A Najeriya an san Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja da sashen maganin nukiliya. Daga waje ake kawo shi kuma ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk kwana takwas, don haka sai an tsayar da rana. Ku tambayi kuɗi, da ko za a dakatar da ƙwayar maganin tayirod da ake sha kullum makonni kafin ranar, da kwana nawa za a nisanci yara da masu ciki bayan an dawo gida.

16. Ku yi magana kafin a yi hoton CT mai allura.
Ruwan da ake ɗurawa a jijiya don hoton ya fito sosai cike yake da aidin, kuma yakan ƙosar da jiki har wata ɗaya zuwa biyu. In ana shirin ba da I-131 a wannan tsakani, maganin ba zai kama yadda ake so ba. Duk likitan da ya rubuta hoton, ku sanar da shi shirin da ake ciki, sai dai in gaggawa ce ta ceton rai.

17. Zancen ciki da shayarwa, a yi shi a fili.
Ba a ba mai juna biyu ko mai shayarwa aidin na nukiliya, kuma bayan an sha akan jinkirta ɗaukar ciki wata 6 zuwa 12. Maigida ya raka matarsa ya ji wannan daga bakin likita, don kada surutun dangi ya sa a yi gaggawa. In ciki ya samu daga baya, kada a daina ƙwayar tayirod, a garzaya asibiti domin galibi ƙara ta ake yi.

Ƙwayar safe

18. Ƙwayar nan ba ta hutu.
Libotairoksin, wadda wasu suka sani da sunan kamfani kamar Euthyrox, aiki biyu take yi: tana maye gurbin abin da tsokar ke samarwa, tana kuma danne TSH, sinadarin da ke fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa yana umartar ƙwayoyin tayirod su girma. In aka daina sha, TSH zai tashi ya ciyar da duk wata ƙwayar ciwo da ta rage. Ga wanda aka cire wa duka, magani ne na tsawon rai, ko da jiki ya yi garau.

19. Da ruwa zalla, ciki babu komai.
A sha da asuba, a jira minti 30 zuwa 60 kafin koko, shayi ko kofi. Maganin ƙarin jini, ƙwayar kalsiyam da maganin gyambon ciki su jira awa huɗu, domin suna riƙe ta a hanji su hana ta shiga jini. Awara da madarar waken suya ma suna rage mata ƙarfi, a bar su sai rana ta yi.

20. Ku tsara azumi tun Sha'aban.
Hanya mafi sauƙi ita ce a sa ƙararrawa a sha ƙwayar rabin awa ko awa ɗaya kafin sahur. In hakan ya yi wuya, a sha lokacin kwanciya, muddin an yi awa uku ba a ci komai ba. Ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kai, bayan sallah kuma a auna TSH a ga ko ya motsa.

21. Ku kare ta daga zafi, ku saya a wurin kirki.
Zafi, laima da hasken rana suna kashe ƙarfin wannan ƙwaya, ga kuma bazararmu da takan haura digiri 40. A bar ta cikin katinta a ɗaki mafi sanyi, nesa da kicin, taga da aljihun mota, kuma kada a tara ta shekara guda. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in an sauya kamfani ko yawan magani a sake auna TSH bayan mako 6 zuwa 8.

22. Ku san lambar TSH da ake nema muku.
Mai babban haɗari akan so tasa ta sauka ƙasa da 0.1, mai ƙaramin haɗari kuwa tsakanin 0.5 da 2 ya wadatar. Kada ku ƙara ƙwaya da kanku don neman kariya, yawanta yana taɓa zuciya yana kuma cinye ƙashi, musamman ga matan da suka daina al'ada. Bugun zuciya, rawar hannu, gumi da rashin barci alamun ta yi yawa ne. Kasala, jin sanyi da taurin bayan gida alamun ta yi kaɗan.

Abin da jiki ke nunawa

23. Ku shafa wuya sau ɗaya a wata.
Ku tsaya gaban madubi, ku ɗaga haɓa, ku kurɓi ruwa kuna kallon wuya, sannan ku bi da yatsu uku ta gefen tabon, ƙasan muƙamuƙi, gefen wuya har saman ƙashin kafaɗa. Kaluluwar mura tana da zafi kuma takan sace cikin mako biyu zuwa uku. Wadda ke da tauri, ba ta ciwo, tana ƙara girma, ita ce za a kai wa likita ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba.

24. Ku saurari murya da numfashi.
Dishewar murya nan da nan bayan tiyata abu ne da aka saba gani kuma yakan gyaru, amma wadda ta zo sabuwa bayan watanni ta wuce mako uku tana son a leƙa maƙogwaro. Haka in abinci ya fara tsayawa, ko numfashi yana ƙara in an kwanta. Tarin da ya ƙi ji ko mai jini kada a yanke cewa tarin fuka ne kai tsaye; a yi gwajin majina da hoton ƙirji, a kuma gaya wa likita tarihin kansar, domin a hoto sukan yi kama da juna.

25. Ciwon ƙashi a wuri ɗaya ba sanyi ba ne kullum.
Ciwon baya, ƙugu ko haƙarƙari da ya nace a wuri guda, yana tsananta da dare, ko wani kumburi a ƙoƙon kai, suna buƙatar hoto, musamman ga masu folikula. Ƙashin da ya karye ba tare da wata faɗuwar kirki ba a kai shi asibiti kafin a nemi mai ɗori. In ƙafafu suka fara mutuwa ko fitsari ya ƙi riƙuwa, a tafi a daren, domin laka ce ake dannewa kuma awanni suna da muhimmanci.

26. Kada a tsaga, kada a yi sakiya.
Duk ƙullin da ya fito a wuya, a hana wanzami da mai ƙaho taɓa shi, manyan jijiyoyin jini suna nan kusa kuma tabon yana wahalar da likitan da zai sake aiki. Addu'a da tofi ba sa karo da gwaji, a haɗa su. Jin tsikari a leɓe da yatsu ko ɗaurewar hannu kuwa galibi ƙarancin kalsiyam ne da kan biyo bayan tiyatar, magani gare shi, a sanar da asibiti a ranar.

27. Ku naɗa mutum ɗaya mai kula da ranaku da kuɗi.
Ɗa, 'ya, miji ko ƙanwa, wani ya ɗauki nauyin tuna ranar asibiti, rakiya da rubuta abin da likita ya faɗa. Ku tambayi kuɗin gwajin shekara gaba ɗaya, ku raba shi gida 12 kuna ajiyewa duk wata, ku kuma bincika abin da inshorar lafiya ke ɗauka. Ko an shekara biyar lafiya lau, likita ne zai rage yawan zuwa, kada ku sallami kanku.

In kuma an wayi gari gwaji ya nuna ciwon ya dawo, kada a ɓoye wa mara lafiya, kada kuma a yanke ƙauna. Wanda ya tsaya a kaluluwar wuya akan cire shi da wata tiyatar, ƙanana ma wani lokaci sa musu ido kawai ake yi. Wanda ya kai huhu sau da yawa yana jin aidin na nukiliya, musamman ga masu ƙuruciya, wanda ya ƙi ji kuma akwai gashin ciwon da na'ura, da ƙwayoyi irin su sorafenib da lenbatinib. Yau da dare ku nemo takardar naman da aka cire, ku duba yaushe aka auna Tg na ƙarshe, ku ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kati. Duk wanda babu a cikin ukun, shi ne aikin gobe da safe. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa kaffara ne.